Telan da Ya Ɓoye wa Ƙaninsa Magini

Akwai wani tela, mutum mai ƙoƙarin neman na kansa, wanda mahaifinsu ya rasu ya bar musu fili a bayan gari, shi da ƙaninsa. Aka raba filin biyu, aka kafa turaku a tsakiya. Rabi na tela, rabi na ƙanin nasa, wanda kowa a dangi yake kira Auta.

Tela shi ne babba. Tun yana saurayi ya bar makaranta ya zauna a kan keken ɗinki, kuma da guminsa Auta ya yi karatu har ya samu aiki a wani kamfani. A baki, tela yana alfahari da wannan. Amma a zuci akwai abin da yake sukarsa. Duk zaman da dangi suka yi, Auta ake neman shawararsa. Idan Auta ya yi magana sai a gyaɗa kai. Idan tela ya yi, sai a ce, "To, madalla. Bari mu ji ta bakin Auta."

Abu guda ne tela ya riga ƙaninsa, shi ne fara gini. Shi ma dole ce ta sa shi. An sayar da gidan da yake haya, sabon mai gidan kuma ya aiko cewa a tashi kafin damina ta faɗi, domin rushe gidan zai yi. Ga mata, ga yara, ciki har da 'yan biyu mata da ba su daɗe da fara tafiya ba. Idan ginin bai kai ga rufi ba kafin ruwa ya sauka, ba shi da inda zai kai su.

Neman wanda zai yi masa ginin kuwa ya ba shi wuya ƙwarai.

Ɗan kwangila na farko ya zo da mota da baƙin tabarau da zaƙin baki. Ya sa aka haƙa tushe, sannan ya kwashi rodi ya ce zai kai a lanƙwasa. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Na biyu mai araha ne. Ya ɗora bango cikin gaggawa, sai ga bangon ya turo ciki waje. Da matar tela ta zo gani, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Baban 'yan biyu, wannan bangon naka wata nawa gare shi? Ka gaya mini in fara shirin karɓar haihuwa." Tela bai yi dariya ba. Sai da aka rushe bangon aka sake sayen bulo.

Ana cikin haka wani dattijo ya kawo masa ɗinki, ya tarar da shi ya yi tagumi a kan keke. Da ya ji labarin, ya ce masa, "Akwai wani magini da ake kira Mai Igiya. Ba shi da mota, ba shi da ofis. Amma ka je ka ga gidana, shi ya gina shi."

Mai Igiya mutum ne siriri marar yawan magana. Sunan ya bi shi ne saboda ba ya ɗora bulo ko ɗaya sai ya ja igiyar awo ya tabbatar layin ya miƙe. Ya zagaya filin, ya faɗi ladansa, ladan da tela ya ji zai iya ɗauka. Bai nemi a ba shi kuɗin kaya a hannu ba. Cewa ya yi, "Ka sayo da kanka, maigida, ni in yi aiki. Haka ya fi mana kwanciyar hankali."

Aiki ya kankama. Da sassafe zai zo ya ba bulo ruwa kafin leburori su iso. Idan ƙusa ta ragu, sai ya ƙulle ta a leda ya kawo shago. Da yake ginin ba shi da ƙofa, kuma laima tana ɓata siminti, sai tela ya roƙe shi ya riƙa kwashe buhunan da suka ragu da yamma, ya ajiye a wani ɗaki da yake da shi a gidansa, ya dawo da su da safe. Mai Igiya ya yarda, kuma bai taɓa neman ladan wannan wahalar ba.

Bango ya tashi a miƙe tamkar an ja shi da alli. Tela kan tsaya a bakin hanya yana kallo, zuciyarsa fari ƙal. A karon farko a rayuwarsa, 'yan'uwa suka fara cewa, "Kun ga ginin Yaya kuwa?"

Wata ranar hutu Auta ya zo da matarsa ganin aiki. Ya shafa bango, ya duba kusurwa, ya leƙa ta inda za a sa taga, ya ce, "Kai, Yaya, wannan aiki ya yi! Ni ma fa na fara shiri. Ka haɗa ni da mutumin nan, idan ya gama naka sai ya tsallaka turakun nan ya fara nawa."

Matar Auta, wadda ba ta rabuwa da zolaya, ta ce, "Mu kam bene za mu ɗora, Yaya. Da safe mu leƙo ta sama mu gaishe ku, mu ga abin da ake dafawa."

Kowa ya yi dariya. Tela ma ya buɗe baki kamar mai dariya, amma maganar ta tsaya masa a rai.

Kwana ya yi yana juya ta, ya wuni yana juya ta. Yana taka keke yana ganin benen a idonsa: dogo, da fenti mai sheƙi, da baranda, ya yi wa ɗan gidansa inuwa tun daga hantsi. Ya ga baƙi suna zuwa suna tambaya, "Ina gidan Auta?" ana nuna musu, sannan a ce, "Wancan ƙaramin na gefe na yayansa ne." Ya ce a ransa, "Ni na sha wuyar nema. Ni aka cuta, ni aka rushe wa bango. Shi kuma a zaune zai samu, kamar yadda ya samu komai a zaune." A ranar sai da ya yanka hannun rigar wani a gajarce, abin da bai taɓa yi ba.

Da Auta ya biyo shago domin karɓar lambar maginin, tela ya ajiye almakashi, ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Auta, zauna. Ba na son in yi magana a gaban matarka ne rannan. Mutumin nan haƙuri kawai nake yi da shi."

"Haba, Yaya! Me ya yi?"

"Hannunsa ba shi da tsarki. Ka tsaya da yamma ka gani, buhunan siminti yake lodawa ya yi gida da su. Na yi shiru ne domin aikina yana hannunsa. Amma kai ƙanina ne, ba zan jefa ka a inda na faɗa ba. Ka nemi wani."

Auta ya riƙe baki. "Ikon Allah! Mutum kamar na kirki. Na gode, Yaya, da ba don kai ba da na shiga."

"Ka bar ta a cikinka fa."

"In sha Allahu."

Da Auta ya fita, tela ya ji wani sanyi a ransa, kamar wanda ya sauke kaya. Ya koma kan keke har da 'yar waƙarsa.

Auta bai faɗa wa kowa ba sai matarsa, domin ta tambaye shi dalilin fasa maginin. Matarsa ba ta faɗa wa kowa ba sai mai yi mata kitso, wadda mijinta yake sayar da bulo. Kafin mako ya zagayo, maganar ta shiga layin masu kayan gini. Wani mutum da ya riga ya yi alkawari da Mai Igiya ya aiko ya ce ya fasa. Mai Igiya ya rasa dalili. Ya ga ana amsa gaisuwarsa a daƙile, ya ɗauka yanayin kasuwa ne.

Daga ƙarshe matar Auta ta ga bai dace ta ɓoye wa matar yayan mijinta ba. Ta same ta tana wanki, ta ce, "Yaya, ke kam kina da haƙuri. Ana kwashe muku siminti kina zaune."

Matar tela ta tsame hannu daga ruwa. Ba ta san da maganar ajiyar siminti ba, domin mijinta bai taɓa gaya mata ba. Abin da ta sani shi ne, ta sayar da sarƙarta da 'yan kunnenta, waɗanda mahaifiyarta ta bar mata, aka sayi simintin da za a zuba linta da shi, wato kankaren saman ƙofa da taga. Ta ce, "Wa ya gaya miki?"

"Mijinki da bakinsa ya gaya wa nawa."

Ko kumfar hannunta ba ta wanke ba. Ta yafa mayafi ta nufi filin.

Ta isa daidai lokacin tashi daga aiki. Ga Mai Igiya da leburori suna ɗora buhunan siminti a bayan wata 'yar motar kaya, kamar yadda suka saba.

"Sauke!" ta daka tsawa. "Na ce a sauke! Ashe gaskiya ne. Ka dubi girmanka, ka dubi furfurarka, ka rasa abin da za ka sata sai gumin marasa ƙarfi? Ka san abin da na sayar aka sayi wannan?"

Maƙwabta suka fara fitowa. Masu wucewa suka tsaya. Mai Igiya ya ce cikin natsuwa, "Baiwar Allah, ajiya zan kai. Maigidanki ne ya ce in riƙa yin haka. Ki tambaye shi."

"Maigidana? Ai shi ya ce kai ɓarawo ne! Shi ya gaya wa ƙaninsa!"

Mai Igiya ya dube ta, ya dubi mutanen da suka taru. A take ya gane dalilin gaisuwar da ake amsa masa a daƙile, da aikin da aka fasa ba shi. Ya ce wa wani lebura, "Kira mini maigidan. Ka ce ya zo da ƙaninsa."

Tela ya iso da tef ɗin awo a wuya, Auta yana biye.

Mai Igiya ya ce, "Maigida, tambaya ɗaya ce. Wa ya ce in riƙa kai siminti gidana?"

Tela ya ce, "Ni ne."

"Ko buhu ɗaya ya taɓa ɓata?"

"A'a."

"To wa ya ce ni ɓarawo ne?"

Tela ya dubi ƙasa. Auta ya ce, "Yaya, ana magana da kai." Sai da ƙyar tela ya ce, "Magana ce kawai ta cikin gida. Ban ɗauka za ta fita ba."

Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta durƙusa a gaban maginin tana kuka tana neman gafara. Ya ce, "Tashi, ke ba ki da laifi. Abin da aka gaya miki kika ɗauka."

Ya sa aka sauke buhunan aka jera su a cikin ginin, aka rufa musu leda. Ya naɗe igiyarsa, ya wanke cokalin gininsa, ya zuba kayan aikinsa a buhu. Sannan ya ce, "Inda na tsaya, aikin lafiya yake, kowane magini zai iya ɗorawa. Allah ya ba ka wanda ya fi ni."

A kan hanyar komawa, Auta ya tambayi yayansa, "Me na yi maka, Yaya?" Tela ya kawar da kai ya ci gaba da tafiya.

Washegari Auta ya ɗauki izini a wurin aiki. Ya ce tunda ta gidansa maganar ta fita, shi zai bi ta. Ya shiga layin masu kayan gini shago-shago yana cewa ƙarya aka yi wa Mai Igiya. Ya je wurin mutumin da ya fasa ba shi aiki, sai dai ya tarar ya riga ya ba wani. Daga nan ya wuce gidan maginin ya ba shi haƙuri, ya kuma roƙe shi ya koma ya ƙarasa ginin yayansa, saboda yaran da za su rasa wurin kwana.

Tela ma ya je tare da Auta, bayan matarsa ta daina yi masa magana. Mai Igiya ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Na yafe maka har ga Allah. Amma ba zan koma ba. Ni ba ni da allon talla, ba ni da ofis. Bakin wanda na yi wa aiki shi yake samo mini na gaba. Kai kuwa ina yi maka aiki da rana, kana ɓata ni a bayan ido, kuma ban yi maka komai ba. Idan na koma, kullum na ɗaga buhu sai na waiwaya. Ba na iya aiki a haka."

Ya juya ga Auta. "Kai kuma, na ga yadda ka zubar da girmanka a kasuwa saboda ni. Idan har yanzu kana so, zan yi maka naka."

Tela ya ji kamar an watsa masa garwashi. Abin da ya yi ƙarya domin ya hana, ga shi ya faru a gabansa, kuma shi ya jawo shi da hannunsa.

Ya shiga neman wani magini. Amma labari ya riga shi isa. Duk na kirkin da ya tunkara sai ya ce, "Kai ne telan nan? A'a, maigida, ina da iyali, ba zan iya da bakinka ba." Wani ya yarda, amma ya faɗi ladan da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Wanda ya samu daga ƙarshe ya zuba linta, ya cire katakon da ya tallafe ta tun ba ta bushe ba domin yana sauri ya kai wani wurin. Lintar ta tsage, ta zauna a kan ƙofa. Simintin sarƙar matarsa ya tafi a banza, kuma babu abin sayen wani.

A ɗaya gefen turakun kuwa, gini yana tashi. Kullum tela ya zo duba kangonsa sai ya ga Mai Igiya yana ba bulon Auta ruwa. Idan sun haɗa ido, maginin ya ɗaga masa hannu ya ce, "Barka da asuba, maigida," ya ci gaba da aikinsa. Tela yakan tsaya yana satar kallo, yana jiran ranar da za a fara ɗora benen, domin ko ba komai ya samu abin da zai kafa hujja da shi a ransa.

Ranar ba ta zo ba. Ginin ya kai linta, kafinta ya hau ya buga katako, aka rufa kwano. Gida ne na ƙasa, madaidaici, bai ma kai faɗin wanda tela ya zana wa kansa ba. Ya kasa daurewa, ya tambayi ƙaninsa, "Ina benen?"

Auta ya yi mamaki. "Wane bene, Yaya? Au, maganar matata? Ai wasa take yi maka. Ni ina na ga ƙarfin bene?"

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sabon mai gidan haya ya aiko da masu cire ƙofofi. Tela yana zaune a tsakar gida a kan ɗaurin kaya, 'yan biyu suna hawa suna sauka a kan katifar da aka naɗe, sai ga Auta da motar kaya.

"Yaya, a fara lodi."

"Zuwa ina?"

"Sabon gida mana. Na sa an share ɗakunan da suke kallon gabas, sun fi iska. Mu za mu zauna a na baya."

Tela ya so ya ce a'a. Ya dubi sama, ya dubi yaransa, ya dubi matarsa wadda ta riga ta ɗora tukwane a kai. Sai ya kama ƙafar keken ɗinkinsa aka ɗora a mota.

Auta bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Matarsa ma ta daina zolaya, kullum sai ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi. Wannan ya fi komai ci wa tela rai.

Ruwan farko ya sauka da la'asar, mai ƙarfi, da iska. Ko ɗigo bai shigo ɗakin ba. Tela ya buɗe taga ya tsaya. Ga kangonsa can babu rufi, ruwa yana dukan bangon da Mai Igiya ya ɗora, yana taruwa a ɗakin da ya yi niyyar ya zama na 'yan biyu.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Maman 'yan biyu, da Auta ya zage ni, da ya fi mini sauƙi."

Matarsa tana ninke kayan yara. Ta ce, "Ba zai zage ka ba, kai ma ka sani. Ka rufe tagar nan, feshi yana jiƙa mana katifa. Gidan ba ya yoyo, kai ne ka buɗe."

Ya sa hannu ya rufe.

Darasi: 'Yan'uwana masu bibiyar wannan shafi, idan Allah ya haɗa ka da mutumin kirki mai riƙon amana, magini ne ko kafinta ko wani mai sana'a, kada hassada ta sa ka ɓoye shi ga ɗan'uwanka, balle ka ɓata masa suna domin ka riƙe shi kai kaɗai. Sunan mai sana'a shi ne abincin iyalinsa. Samun ɗan'uwanka ba ya rage naka, kuma sau da yawa abin da kake ƙyashi a kansa a zuciyarka kaɗai yake. Telan nan ya rasa magini, ya rasa gida, ya rasa girmansa na yaya, saboda benen da ba a taɓa niyyar ginawa ba. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, musamman masu shirin gini, ko Allah zai sa wani ya kama bakinsa tun kafin maganar ta fita. Allah ya tsarkake zukatanmu, ya ba kowa muhallinsa cikin rufin asiri.